Wa Zai Yi wa Siminti Yaɓe?

Tsufa a bakin Bahaushe daraja ce, amma ga ɗan Adam kawai. In aka ce ga tsoho nan tafe, yara kan tashi su ba shi tabarma. In kuwa aka dubi bango aka ce “ai tsohon gini ne”, shari'a ta ƙare, sai jiran ranar da katafila za ta zo. A Jos wannan hukunci ya fi faɗawa kan gine-ginen kankare na shekarun 1970 da 1980, waɗanda ke tsaye daga Taminus zuwa titin Ahmadu Bello har a dangana da sakatariya. Samari na cewa sun yi muni, sun yi baƙi ƙirin, a rushe su a tayar da dogaye masu gilashi irin na Abuja. Dattawa na cewa kai yaro ne, simintin wancan zamani ko ƙusa ba ta shigarsa. Ana wannan musu a teburin mai shayi, ana yin sa a cikin Keke Napep, kuma kowane ɓangare yana yabon abin da ba shi da niyyar kashe wa ko sisi. Saurayin ba shi zai biya kuɗin wutar dogon benen ba. Dattijon kuma bai taɓa tambayar yaushe rabon da a hau rufin ginin da yake yabo a share masa magudanar ruwa ba.

Jos dama ba garin tsawo ba ne. Kuza ce ta kafa shi, mai neman kuza kuwa ƙasa yake kallo. Turawan kamfanonin haƙa da suka bazu a tsaunin tun farkon ƙarni na 20 gidaje marasa bene suka gina a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, bangon dutse, rufin kwano, da murhun jin ɗumi a falo saboda hunturu. Leburorin da suka kwararo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, da 'yan ƙasa Birom da Jarawa da Naraguta, laka da ciyawa suka rufa wa kansu asiri da su. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layi ya biyo daga Kafanchan a 1927, tashar jirgin ce ma ta bar wa Taminus suna. Garin yana zaune a kan tudun da ya kai mita 1,200, duwatsun Shere suna leƙensa daga gabas da tsayin da ya haura mita 1,800. Wanda ya buɗe ido yana ganin waɗannan, bene mai hawa biyar ba zai ɗaga masa hankali ba. A unguwannin Hausawa irin su Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo kuwa, bene har abin tuhuma ne, domin tagar sama tana kallon tsakar gidan maƙwabci inda mata ke harkokinsu ba mayafi. Mai unguwa ya sha zaman sulhu a kan taga ɗaya tal.

Gwamnati ce ta kawo tsawo. Joseph Gomwalk, ɗan sandan da ya riƙe jihar Binuwai-Filato daga 1967 zuwa 1975, ya so Jos ta fita daga sahun barikin ma'adinai ta zama hedikwata mai kwarjini. A zamaninsa aka buɗe reshen Jami'ar Ibadan a 1971, wanda ya tsaya da ƙafarsa a matsayin Jami'ar Jos a 1975. A zamaninsa aka kafa jaridar Nigeria Standard a 1972, aka yi mata dogon bene mai hawa kusan goma, wanda yau sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda sakatariyar jiha take ɗauke da shi. Ibadan ta riga ta yi Cocoa House mai hawa 26 tun 1965, kuma kowace hedikwata tana son abin da za ta sa a jikin kalanda. Kuɗin man fetur ya shigo, siminti ya zama harshen da hukuma ke magana da shi. A 1975 odar simintin da ma'aikatun tarayya suka bayar ta kai tan miliyan 20, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni, wani simintin a cikin jirgi ya daskare. Mai rantsuwa da “simintin da” ya riƙa tunawa da wannan: a wancan zamanin ma an yi aikin kirki, an kuma yi na ci-da-ceto.

Gagarabadan gine-ginen wancan zubi ita ce Babbar Kasuwar Jos. Tunanin Gomwalk ce, aikin ya ratsa mulkin Gwamna Solomon Lar, aka buɗe ta a 1985. A shekarar ce kuma farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan, wato garin ya karɓi gininsa mafi girma a daidai lokacin da sana'ar da ta haife shi ta durƙushe. Duk da haka kasuwar ta yi suna. Rumfuna dubbai a ƙarƙashin rufi guda, Bahaushe mai atamfa, Ibo mai kayan lantarki, Bayerabiya mai tangaran, matar Birom mai dankali da kabeji, kowa da layinsa, ana zuwa sari daga Bauchi da Gombe da Lafiya. Mutanen Jos kan bugi ƙirji su ce babu rufaffiyar kasuwa kamarta a Afirka ta Yamma. A watan Fabrairun 2002, wata biyar bayan rikicin Satumbar 2001, wuta ta tashi cikin dare ta cinye ta. Shekara 17 ta yi tana aiki. Wasu shekaru 17 kuma ta yi a tsaye a ƙone, 'yan kasuwa sun baje tebura da lemomi a gindinta har kan kwalta, a nan ne bama-bamai biyu suka tashi ranar 20 ga Mayun 2014 suka kashe mutum fiye da 100. A watan Mayun 2019 gwamnatin Simon Lalong ta sa nakiya aka kayar da sassan da suka ƙone. A 2022 aka kawo maganar bankin Jaiz zai sake gina ta, zancen ya bar kan kuɗi da yarjejeniya ya koma na addini da ƙabila, aikin bai tashi ba.

Sunan da jama'a suka riƙa kiran wurin da shi a duk tsawon shekarun nan shi ne kango. Kalmar tana da wata dabara da ta dace da halinmu. Gidan da masu shi suka watse rufinsa ya zube, kango ne. Ginin da aka kai linta kuɗi ya ƙare, ba a taɓa kwana a ciki ba, shi ma kango ne. Kufai daban: kufai sai an zauna an tashi, sai an haifi 'ya'ya a wurin an binne iyaye. Kango bai damu da ko an taɓa rayuwa a cikinsa ba. Jos tana da iri biyun, kowanne ƙato. Ga kasuwar da ta rayu ta mutu. Ga kuma otal ɗin nan na hanyar Laminga da aka fara a farkon shekarun 1980, zamanin Solomon Lar, da burin ya zama masaukin manyan baƙi na duniya, ya shafe shekaru arba'in da ɗoriya yana jiran baƙonsa na farko. Yaron da aka haifa a 1995 ya girma yana ganin ƙasusuwan kankare a gabas da tsakiyar gari, to ina laifinsa in ya ɗauka kankare da kango abu ɗaya ne? Abin da yake kira muni, yasarwa ce yake gani. Bai taɓa ganin gine-ginen nan da sabon fenti da fitilu a kunne ba.

Wanda ke son ya gane inda gizo ke saƙa, ya gangara gidan tarihi. Bernard Fagg ya buɗe shi a 1952, kuma a bayansa akwai filin da Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya tara magina suka kwaikwayi manyan gine-ginen gargajiya da girmansu na ainihi: wani yanki na ganuwar Kano, da masallacin Juma'ar Zariya wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a ƙarni na 19. Shiga ƙarƙashin bakan gizon nan ka ɗaga kai. Tubali ne da azara da ƙasa, ba rodi ko ɗaya, amma rufin yana shawagi a kan ginshiƙai kamar ba shi da nauyi. Maginan da suka san wannan aiki sun san kuma sharaɗinsa. Ginin ƙasa ba ya yi maka alkawarin komai sai in ka yi masa naka. Damina na wucewa za a duba inda ruwa ya zaizaye, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a yi yaɓe, a shafe da makuba, a gyara bakin indararo, a ɗaga zankon da ya karye. Mai gida ya san da wannan kuɗi kamar yadda ya san da kuɗin hatsi. Gari ma ya san da shi, shi ya sa ake da Sarkin Magina, shi ya sa gyaran ganuwa ya kasance aikin gayya da ake raba wa unguwanni.

Yaɓe, a wannan ma'ana, ya wuce laka a bango. Yarda ce cewa gini ba ya ƙarewa, ana dai ci gaba da riƙonsa. Da siminti ya zo, da tallarsa ya zo: ka huta da yaɓe, an yi an gama. Har kalmar ta sauya mana hannu. Yau in birkila ya ce zai yi yaɓe, filasta yake nufi, wadda ake yi sau ɗaya kafin fenti, ba a sake waiwayarta sai ranar da za a sayar da gidan. Muka ajiye al'adar komawa kan bango kowace shekara a gidan tarihi tare da tukwanen Nok, muka fito da hannu biyu muka rungumi abin da aka ce mana ba ya tsufa.

Yana tsufa kuwa, a ɓoye. Kankare da rodi aikin haɗin gwiwa suke yi, kankare ya ɗauki danni, ƙarfe ya ɗauki ja. Sabon siminti yana da wani kaifi irin na kanwa wanda ke hana ƙarfen da ke cikinsa tsatsa. Shekara da shekaru iskar kabon tana ratsawa ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, tana kashe wannan kaifi daga waje zuwa ciki. Ranar da ta isa ga rodi, in akwai danshi, tsatsa ta kama. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ba-ninki, sai ta tura kankaren daga ciki ya tsage, ruwa ya sami hanya, aikin ya ƙara sauri. Tsaya a ƙarƙashin barandar duk wani tsohon bene a tsakiyar Jos ka duba sama. Za ka ga jan zane yana gangarowa daga kusurwa, ka ga inda ɓawo mai faɗin tafin hannu ya ɓalle, rodi ya fito tsirara yana ɓarewa falle-falle. Ka hau rufin in an bar ka: shimfiɗaɗɗen dakin ne, kwaltar da aka shafa masa tun zamanin Shagari ta tsattsage, bakin bututun ruwa ya toshe da leda da kashin tattabaru, wani wurin har ɗan cediya ya tsiro. Ruwan Jos kuwa ba wasa ba ne, yana kai milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Rufin da aka zana da tunanin ƙasashen da ake hawa a duba shi duk shekara, an kawo shi garin marka an manta da shi shekara arba'in. Abin mamakin ma shi ne har yanzu yana tsaye.

To me ake ginawa a madadinsu? In an faɗi gaskiya, dogayen benayen da ake mafarki a zane suka fi yawa. Abin da ke tashi a zahiri a titin Ahmadu Bello da na Murtala Muhammad da hanyar Bauchi shi ne filaza mai hawa uku ko huɗu, shaguna a jere, gaba duk baƙin gilashi. Wani lokacin ma tsohon ginin ne aka lulluɓe da falankin alminiyam mai sheƙi ba tare da an taɓa tsatsar da ke ciki ba, an sa wa mai ƙurji babbar riga. Ni dai na fi tsoron wannan a kan baƙin bangon da ke nuna ciwonsa a fili.

Ranar zuba dakin ita ce ranar da ake rubuta ƙaddarar gini, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san yadda take. Tun asuba injin kwaɓi ke ruri. Leburori maza da mata, domin a Jos mata ma suna wannan aiki, sun yi layi a kan tsanin katako da kwanon sarki a ka, irin kwanon da kakanninsu suka ɗebi ƙasar kuza da shi. Ma'aunin da aka saba shi ne ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Amma buhu ya yi tsada, mai gini yana tsaye da carbi yana ƙirga buhunan da suka rage. Sai ka ji birkila ya ce, “Alhaji, haɗin nan ya yi fari.” Alhaji ya ce, “Malam, ja shi dai, Allah zai tsare.” A ƙara yashi, a ƙara ruwa don ya yi saurin malala. Rodi mai milimita 16 da injiniya ya rubuta ya riga ya koma mai 12 tun a kasuwa. 'Yan ƙananan guntayen kankaren da ake kira biskit, waɗanda ke ɗaga rodi daga kan katako don siminti ya rufe shi ta ko'ina, an ce ɓata lokaci ne. Kankare na bukatar a yi ta ba shi ruwa kwanaki, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, amma kafinta yana son katakonsa da gorarsa a wani aikin. A sama kuma an bar kawunan rodi a tsaye, alamar in Allah ya hore za a ƙara hawa, a kan tushen da ba a haƙa don ita ba.

A watan Yulin 2019 bene mai hawa uku ya rufta a Dilimi, mutane fiye da 10 suka rasu. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy a Busa Buji ya zube a kan ɗalibai da safe, aka rasa rai 22. Babu ɗaya daga cikin biyun da ke sahun tsofaffin benayen gwamnati da ake kiran a rushe.

Akwai kuma bashin da tsawo ke zuwa da shi wanda mai zane ba ya sa wa a hoto. Bene in ya wuce hawa huɗu ya zama inji: yana son lif, lif yana son wutar da ba ta ɗaukewa da makanikin da ya san shi, ruwa yana son famfon da zai tura shi tankin sama, matakalar gudun gobara tana son a bar ta a buɗe ba a mayar da ita sito ba. A manyan biranen duniya kuɗin haya yana hawa ne tare da bene, na ƙololuwa ya fi tsada. A nan akasin haka ne. Shagon ƙasa ana rububinsa, hawa na biyu lauyoyi da masu koyar da kwamfuta, na uku coci ko ɗakin ajiya, daga nan sai ƙura. Na taɓa raka wani dattijo neman takardar fansho a wani ofis da ke can sama, ƙofar lif an jingine ta da tsohon tebur, muna hawa yana hutawa a kowane kwana yana riƙe da gwiwa. Garin da ya rasa yadda zai riƙe hawa tara, ban ga dalilin da zai sa ya yi sha'awar ashirin ba, sai in hoton ake so. Kuma filin bai ƙare ba. Abin da ya matse tsakiyar Jos rabuwar unguwanni ce bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, kowa ya tattara ya koma cikin nasa, Taminus ta zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da har yanzu ake haɗuwa. Wannan ne ya sa taƙi ɗaya na ƙasa a wurin yake da tsada, kuma shi ya sa duk zanen da aka fitar na sabuwar kasuwa, tambayar farko ita ce wa zai samu shago.

Ba na cikin masu cewa duk tsohon kankare abin tarihi ne. Wanda wuta ta gasa sosai ƙarfinsa ya tafi, kasuwar da ta sha wuta sannan ta sha damina 17 a buɗe wataƙila babu abin da ya rage mata sai nakiya. Amma hukuncin na injiniya ne da na'urarsa, ido ba ya yanke shi daga cikin mota. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka gama a 1976 don bikin FESTAC na 1977, ya yi shekaru yana yoyo har ana maganar sayar da shi. Da bankuna suka zuba kuɗi aka gyara shi, masu cewa ya yi muni sun koma ɗaukar hoto a gabansa, a 2024 kuma aka sa masa sunan Wole Soyinka. Ƙashin ginin bai canja ba. A New York, bayan wani ɓallin gini ya faɗo ya kashe wata ɗaliba a 1979, an yi doka a 1980 wadda ta ce duk benen da ya wuce hawa shida dole ƙwararre ya duba bangonsa duk shekara biyar ya kai rahoto. Yaɓe ke nan da hatimin hukuma, a garin da ba su taɓa jin sunan makuba ba.

A watan Maris na 2024 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a dokar zartarwa mai lamba 003 don tsara gine-gine da zirga-zirga, hukumar raya birnin Jos, JMDB, ta fito da ƙarfinta, jama'a suka ga jan fenti a bangaye da rusau a bakin titi. Izinin gini abu ne mai kyau, wanda ya ga Busa Buji ba zai yi musun haka ba. Sai dai izini na ranar haihuwa ne, kuma gini yana da sauran shekaru sittin a gaba da ba wanda ya ɗauki nauyinsu a rubuce. Kafin a ƙara hawa ko ɗaya a Taminus, ina so in ga an tura injiniyoyi sun huda ginshiƙan benen Standard da na Gidan Murtala da na sakatariya, sun auna inda iska ta kai da abin da ya rage na rodi, sun faɗi nawa gyara zai ci da nawa rushewa za ta ci, a buga alƙaluman kowa ya karanta. Wurin bugawar ma ba nisa, jaridar a harabar take.